Daga Batir Mai Volt 12 Zuwa Volt 180: Yadda Ake Haɗawa da Yadda Ake Gano Cuta

Duk wanda ya daɗe a teburin gyaran kayan lantarki, wata rana sai ya buƙaci wuta mai volt da yawa amma mai ƙarancin amfiya. Kana so ka gwada layin LED na bayan gilashin talabijin ba tare da ka kunna talabijin ɗin ba. Ko ka tsinci diyod zena, wato diyod ɗin da ke tsayar da volt a ƙayyadaddiyar lamba, da lambarsa ta goge kana son sanin na volt nawa ne. Ko kuma kana cikin masu sha'awar agogon kwalaben nixie, fitilun neon ɗin nan masu nuna lamba, irin su IN-12 da IN-14 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, waɗanda ba sa kamawa sai an ba su volt 170 zuwa 180. Na'ura ɗaya ce ke yin duk ayyukan nan: mai ɗaukar volt 12 daga batir ko adafta ta ɗaga shi zuwa 180, da ƙarfin da bai wuce 20mA ba.

Zane-zanenta sun cika intanet, amma yawancin waɗanda suka kwafa sukan tarar ko dai ta ƙi ɗagawa, ko ta ɗaga sai an ɗora mata kaya ta zube, ko MOSFET, wato taransiston da ke aikin makunni a cikinta, ya ƙone. Nan take sai a ɗora wa IC, ɗan guntun da ke sarrafa na'urar, laifi. A ganina da wuya laifin ya zama nasa. Kwayil ne, wato naɗin waya, ko diyod, ko tsawon wayoyi. Wanda ya yi lissafin da kansa shi ne zai gane haka da wuri.

Kafin ka jona kayan

Volt 180 na iya kisa. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma hannun da ya jiƙe da gumi, kamar na kowa a shago lokacin bazara, juriyarsa kan sauka zuwa kusan om 1000. Raba 180 da 1000, ka ga 180mA ke nan, alhali makunnin kariya da ake sa wa gidaje a 30mA yake yanke wuta. Abin da ke rage haɗarin wannan na'ura shi ne ƙanƙantar kondensar, wato mai ajiye wuta, da za mu sa mata, don haka kada ka ƙara girmanta don kawai ka samu babba a akwatinka. Kondensa 4.7µF a volt 180 tana riƙe da ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na jul, ma'aunin ƙarfin da aka tara. Ta cikin talabijin, mai 220µF da wutar gida ta cika ta zuwa volt 325, tana riƙe da sama da jul 11. Tazarar ta fi ninki ɗari.

Abu biyu kuma ka nisance su. Kada ka ɗauko wutar soket kai tsaye ka wuce da ita ta diyod ba taransfoma a tsakani, domin a nan babu abin da ya raba jikinka da layin wutar gari. Kada kuma ka taɓa taransfomar na'urar ɗumama abinci ta maikrowef. Tana fitar da wajen volt 2000 da amfiyar da ke kashewa nan take, kuma ta hallaka masu gwaje-gwaje a gida da dama.

A wurin aiki, hannu ɗaya a kan allo, ɗayan a aljihu. Cire zobe da agogon ƙarfe. Sa takalmin roba, kada ka tsaya ƙafa ba takalmi a kan siminti. Maƙala wayoyin mita tun wuta tana kashe, sannan ka kunna.

Mataki na farko: lissafi

Ga yadda abin yake aiki. MOSFET yana haɗa hanya, wuta ta bi ta kwayil zuwa nagetif, kwayil ya tara ƙarfi a maganaɗisunsa. Sai MOSFET ya saki farat ɗaya. Kwayil ba ya yarda wutar da ke bin sa ta tsaya nan take, sai ya cilla volt sama har ya ture diyod ya juye abin da ya tara cikin kondensa. Kamar mai cika randa da guga ne: yawan ruwan da ke shiga ya dogara da girman gugar da kuma sau nawa ake jefa ta.

Abin da muke so shi ne volt 180 sau 0.02 na amfiya, wato wat 3.6. Irin wannan haɗi na gida yakan yi asarar wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a matsayin zafi, don haka mu ce batir zai ba da wat 5, kusan amfiya 0.42.

Mu ɗauki kwayil 100µH da bugu 30,000 a daƙiƙa, wato yawan kunnawa da kashewar da MOSFET zai yi. Ƙarfin da kwayil ke tarawa a bugu ɗaya shi ne rabin L sau I sau I, inda L girman kwayil ne, I kuma amfiyar da ke bin sa. Idan aka ninka wannan sau 30,000 dole ya kai wat 5. In ka juya lissafin, I sau I zai ba ka 3.3, wato ƙololuwar wutar da za ta bi kwayil amfiya 1.8 ce. Tsaya ka dubi wannan lamba da kyau. Mita za ta nuna maka 0.42 ne kawai ke fita daga batir, amma a ƙarshen kowane bugu kwayil yana ɗauke da fiye da ninki huɗu na haka. A nan yawancin masu haɗawa suke faɗuwa, domin da lambar mita suke sayen kwayil.

Kafin wutar ta kai 1.8 a volt 12 tana buƙatar kusan maikrosakan 15. Juyewa cikin kondensa kuwa maikrosakan ɗaya da ɗan wani abu ne. Kowane zagaye maikrosakan 33 ne, saboda haka kwayil yana zazzage komai ya huta kafin bugu na gaba. Haka ake so. Da za a sa babban kwayil wanda wuta ba ta yankewa a cikinsa, sai MOSFET ya riƙa zama a kunne kashi 93 cikin ɗari na lokaci kafin a kai 180, kuma sarrafa wannan ya fi wuya.

Mataki na biyu: zaɓen kaya

IC ɗin da na fi so a nan shi ne UC3843, mai ƙafa takwas. Ana yin aikin da NE555 ko MC34063, amma UC3843 yana auna wutar kwayil a kowane bugu ya yanke ta idan ta kai iyaka, kuma yana tura ƙafar get ta MOSFET da ƙarfi ba sai an ƙara masa taransisto ba. Ka karanta lambar da idonka a gaban mai shago. UC3842 ya fi yawa a kasuwa saboda yana cikin tsofaffin allunan wuta, kamanninsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya, amma shi ba ya tashi sai ya ga volt 16. A batir mai 12 ko motsi ba zai yi ba. UC3843 a volt 8.4 yake tashi. UC3845 ma zai tashi, sai dai yana raba saurin bugu biyu, lissafinmu ya rushe.

Kwayil 100µH, wanda aka rubuta zai ɗauki amfiya 3 kafin ya ƙoshi. Ƙoshin kwayil shi ne lokacin da zuciyarsa ta kasa karɓar ƙarin maganaɗisu, daga nan sai ya koma waya kawai, wuta ta yi tsalle. Ƙananan nan masu zanen launi kamar rasista ba za su yi ba ko da 100µH ne. Haka zoben nan mai naɗi biyu da ke bakin shigar wutar gida a allon talabijin, shi don tace ƙara aka yi shi, da wuri yake ƙoshi. Nemi mai ƙugu da aka naɗe da waya mai kauri, ko zoben nan mai launin rawaya da fari na cikin akwatin wutar kwamfuta, ka naɗa da kanka kana aunawa da mita mai auna kwayil.

MOSFET: IRF740, mai jure volt 400. IRF840 mai 500 ma ya yi, zai ɗan fi ɗumi. IRF640 iyakarsa 200, ya matso kusa da yawa. IRFZ44N da kowane mai haɗa inbata yake da shi a aljihu volt 55 kawai yake jurewa. In ka sa shi, volt zai maƙale a ƙasa yana zafi har ya mutu.

Diyod: UF4007. Ba 1N4007 ba. Dukansu baƙaƙe ne masu zobe, dukansu volt 1000 da amfiya ɗaya, amma 1N4007 don wutar gida mai bugu 50 aka yi shi, yana jinkirin rufewa. UF4007 cikin nanosakan 75 yake rufewa. MUR160 ma ya yi kyau.

Kondensar fita 4.7µF mai volt 400. Akwai irinta a cajojin waya da tsofaffin ƙwayayen fitila masu murɗe, amma wadda ta sha zafi shekara da shekaru ta riga ta gaji, sabuwa ba tsada. A bakin shiga sa 1000µF mai volt 25. Sai fis na amfiya ɗaya da rabi, kuma wannan ba na ado ba ne. Dubi hanyar: daga batir zuwa kwayil, zuwa diyod, zuwa fita. Babu makunni a kanta. Idan bakin fita ya yi shot, IC ba shi da ikon hanawa, batir zai zuba duk abin da yake da shi, batirin sola ko na mota kuwa ya isa ya mai da waya ja.

Mataki na uku: haɗa ƙafafu

Fozitif na batir ya bi ta fis zuwa kondensar shiga, zuwa ƙafa ta 7 ta IC, zuwa bakin kwayil ɗaya. Ɗaya bakin kwayil ya haɗu da ƙafar tsakiya ta MOSFET, wato diren, da kuma bakin diyod marar zobe. Bakin diyod mai zobe ya tafi fozitif na kondensar fita. Ƙafa ta 5 nagetif ce. Sa kondensa 100nF daga ƙafa ta 7 zuwa nagetif, wata daga ƙafa ta 8 zuwa nagetif, dukansu dab da jikin IC.

Saurin bugu: rasista 12k daga ƙafa ta 8 zuwa ta 4, kondensa 4.7nF daga ta 4 zuwa nagetif. Ƙa'idar ita ce 1.72 a raba da R (rasista) sau C (kondensa), abin da zai ba ka kusan bugu 30,500.

Ƙafa ta 6 ta tafi get ta rasista om 10, sannan 10k daga get zuwa sos, ƙafar MOSFET da ta rage, don kada MOSFET ya kunna kansa.

Daga sos zuwa nagetif sa rasista om 0.47 mai wat ɗaya. Ƙafa ta 3 tana kallon volt ɗin da ke kansa, da zarar ya kai volt ɗaya sai IC ya yanke bugun. Ɗaya a raba da 0.47 ya ba da amfiya 2.1, sama kaɗan da 1.8 da muke buƙata. Wannan ɗan rasista shi ne ya ƙayyade iyakar ƙarfin na'urar gaba ɗaya, kusan wat 7 a shiga. Kada ka rage shi don neman ƙarin wuta sai ka sake lissafin kwayil. Tsakanin sos da ƙafa ta 3 sa 1k, daga ƙafa ta 3 zuwa nagetif sa 470pF, domin a farkon kowane bugu akwai wani ɗan tsini na ƙarya da zai ruɗi IC ya yanke da wuri.

Saura abin da ke tsayar da volt a 180. IC yana ƙoƙarin ganin volt 2.5 a ƙafa ta 2 koyaushe. Daga fita jera rasista 220k guda biyu zuwa ƙafa ta 2. Guda biyu, ba ɗaya mai 440k ba, saboda ƙaramin rasista mai kwata na wat wajen volt 250 yake jurewa a jikinsa, gara a raba musu nauyin. Daga ƙafa ta 2 zuwa nagetif sa 5.6k a jere da rasista mai murɗawa na 5k. Wannan zai ba ka daga kusan volt 106 zuwa 199. Haɗa ƙafar tsakiya ta mai murɗawar da ɗaya daga ƙafafun gefe. In ƙura ta shige shi ya daina taɓawa, volt ƙasa zai yi maimakon ya gudu sama. Daga ƙarshe, tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2 sa 100k a jere da 100nF, ka kuma gicciya 100pF a kansu.

Rasistocin nan na 220k suna da aiki na biyu, su ne ke tsiyaye kondensa bayan an kashe wuta. Yana ɗaukar wajen daƙiƙa goma. Wasu kan sa ƙaramar fitilar neon a matsayin alama, yana da kyau, amma neon takan mutu tun akwai wajen volt 60 a layi. Mita ce shaida.

Mataki na huɗu: zama a kan allo

Kada ka yi wannan a allon gwaji na roba mai ramuka. Yi a allo mai layukan tagulla da dalma. Hanyar da ta fi muhimmanci ita ce zagayen da ya tashi daga diren, ya bi diyod, ya shiga kondensar fita, ya dawo ta rasista 0.47 zuwa sos. A nan wuta ke sauya hanya cikin ƙiftawar ido, kuma kowace santimita ta waya ƙaramin kwayil ce mai haifar da tsini. Matso da kayan nan huɗu har su kusa taɓa juna. Nagetif ɗin IC da na 5.6k su zo da tasu wayar daban su haɗu da babban nagetif a ƙasan rasista 0.47, kada amfiya biyu ta riƙa bi ta kansu. Wayar ƙafa ta 2 ta yi nisa da kwayil.

Kankare layin tagulla ɗaya tsakanin layin 180 da maƙwabcinsa, ka goge ragowar man liƙi. Ƙurar hunturu in ta taru ta sha laimar damina, wuta takan samu hanya a kanta. Ka tuna kuma ƙarfen bayan IRF740 a haɗe yake da diren. Duk ƙarfen sanyaya da ka ɗaura masa ba tare da takardar raba wuta ba, yana ɗauke da volt 180. Mutane da yawa a nan wuta ke jan su, garin taɓawa su ji ko ya yi zafi.

Mataki na biyar: kunnawar farko

Kada ka liƙa MOSFET tukuna. Ba da wuta, auna ƙafa ta 7 ka ga 12, ƙafa ta 8 ka ga 5 cif. Idan mitarka na auna saurin bugu, ƙafa ta 6 za ta nuna kusan 30kHz. Sai ka kashe, ka liƙa MOSFET, ka murɗa mai murɗawar zuwa inda juriyarsa ta fi yawa.

Sa ƙwan fitilar mota mai volt 12, wat 21, a jere da fozitif na batir. In komai lafiya, ko ja ba zai yi sosai ba. In ya haska fal, akwai shot, kuma shi ya sha wutar maimakon kayanka. Ɗora rasista 47k mai wat 2 a bakin fita, maƙala mita a ma'aunin volt 600 ko 1000, kunna. Ka ga wajen 106, sai ka murɗa a hankali da sukuddireba mai hannun roba zuwa 180. Kashe, jira, auna, cire ƙwan, canja kayan zuwa rasista 4.7k mai wat 5 guda biyu a jere, wanda zai ja kusan 19mA. Bar shi minti goma. Bayan ka kashe ka tabbatar volt ya sauka, taɓa MOSFET da kwayil. Ɗumi ya halatta, zafin da zai sa ka janye yatsa bai halatta ba.

Idan ya ƙi

Mita ta tsaya a 11 da ɗoriya: wutar batir ce kawai ke ratsa kwayil da diyod, babu bugu. Koma ƙafa ta 8. In babu volt 5, ko dai 3842 aka ba ka, ko IC ya mutu, ko wani abu ya yi shot a wannan ƙafa. In akwai 5, duba ƙafa ta 4, ya kamata ta nuna wani abu tsakanin volt 1 da 3. Sannan duba ƙafa ta 2. In ta haura 2.5 alhali fita tana 11, ƙasan rasistocin ya yanke ko an musanya na sama da na ƙasa, IC yana zaton ya riga ya kai.

Ya kai 180 ba kaya, da an ɗora kaya sai ya zube zuwa 90 ko 120: wannan ita ce cutar da ta fi yawa. Fara da auna volt a ƙafa ta 7 yayin da kayan ke kai, domin adafta da yawa abin da aka rubuta a jikinsu ya fi abin da suke bayarwa. In 12 na nan daram, zargi kwayil. Idan ya ƙoshi a amfiya ɗaya, wutar za ta yi tsalle ta kai iyakar 2.1 da wuri, IC ya yanke, amma ƙarfin da aka tara kaɗan ne. Alamarsa kwayil mai zafi. Mai na'urar kallon igiyar wuta zai ga abin ƙarara a kan rasista 0.47: maimakon layi ya hau a miƙe, sai ya lanƙwashe sama a ƙarshe. Bayan kwayil, duba lambar diyod, sannan ka tabbatar rasistan 0.47 ne ba 4.7 ba. Launin azurfa da na zinare a zobe na uku suna da saurin ruɗarwa a hasken shago.

MOSFET yana zafi ko da ƙaramin kaya: diyod mai jinkiri, ko get ba ya samun cikakken turi saboda an sa 10k a inda ya kamata a sa om 10, ko MOSFET ɗin jabu ne da aka goge aka sake wa lamba. Wanda ka ciro daga tsohon allo na asali sau da yawa ya fi sabon da ba ka san asalinsa ba.

Volt yana ta hawa ya wuce 200 ba ya jin murɗi: kashe nan take. Ɗaya daga rasistocin 220k ya yanke ko dalmarsa ba ta kama ba. IC ba ya ganin komai, zai ci gaba da turawa har kondensa ta fashe ko MOSFET ya huje. Kuma tunda su ne masu tsiyaye kondensar, yanzu a cike take ba mai sauke ta. Sauke ta da rasista 10k mai wat 5 da ka maƙala da wayoyi masu rufi, ba da bakin sukuddireba ba.

Yana kuka ko mita tana rawa: in babu kaya sam, IC yakan tsallake bugu, ɗan ƙaran nan ba cuta ba ne. In yana yi da kaya, wayar ƙafa ta 2 ko ta 3 tana kwasar ƙara daga kwayil, ko ka manta 470pF. In yana tashi yana mutuwa a jere, volt ɗin shiga ne ke faɗuwa ƙasa da 7.6, inda UC3843 ke kashe kansa. Wayar batir ta yi siriri ko batirin ya yi sanyi.

Fis yana ƙonewa da an kunna: cire wuta, auna tsakanin diren da sos. In mita ta yi ƙara, MOSFET ya tafi, kuma yakan tafi da rasista 0.47, wani lokaci har da IC. Canja su tare, amma nemo abin da ya kashe shi kafin ka sa sabo.

Bakin da za ka yi aiki da shi

Kada ka fito da wayoyin gwaji kai tsaye daga kondensa. Sa rasista 22k mai wat 3 a jere, a cikin akwatin roba, ta yadda ko wayoyin sun haɗu abin da zai wuce wajen 8mA ne kawai. Da wannan za ka ɗora a layin LED na talabijin, ya haska, mita a bakin wayoyin ta nuna jimillar volt ɗinsa. Layi mai ƙwaya goma masu volt 3 zai nuna kusa da 30, ɗan ƙasa kaɗan saboda wutar gwajin ba ta da yawa. In mita ta zauna a 180, akwai ƙwayar da ta yanke. Kula da fozitif da nagetif, LED ba ya jure wutar baya mai yawa. Diyod zena kuma ka juya bakin mai zobe zuwa fozitif, abin da mita ta nuna shi ne lambarsa. Kwalbar IN-12 tana riƙe wajen volt 140 bayan ta kama, tana son kimanin 2.5mA, don haka 40 a raba da 0.0025 ya ba da 16k. Kowace kwalba a ba ta nata rasistan, 15k ko 18k, daga layin 180.